Maganar man fata daga Ingila: abin da ake saya da abin da sai likita ya gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saƙon da ya fi zuwa mini daga gida shi ne a aiko da mai. Wata tana son na ƙurajen fuska, wani na kyasbi, wata kuma ɗanta ne makero ya ci masa kai. Kowa yana zaton a Ingila akwai wani mai na musamman da bai iso gida ba. Magungunan kusan iri ɗaya ne da waɗanda kuke gani a kemis. Bambancin yana wajen wanda ake ba wa, da tsawon kwanakin da ake yarda ya shafa.

Ku ɗauki mayukan sitiroyid, masu kwantar da ƙaiƙayi da kumburi. Mafi sauƙinsu, haidurokotizon mai ƙarfin kashi 1, ana sayar da shi a nan ba tare da takardar likita ba, amma ko shi sai mai kemis ya tambaye ka wa zai shafa, shekarunsa nawa, a wane wuri. Ba zai ba ka don fuska ba, ba zai ba ka don yaron da bai kai shekara 10 ba, kuma zai ja kunnenka kada ka wuce kwana 7. Masu ƙarfi irin su Betnovate da Dermovate kuwa, ko nawa ka riƙo, sai da takardar likita. A gida kun san yadda ake miƙa wa mutum irinsu da zarar ya faɗi suna, har ana cakuɗa su cikin man shafawa don fata ta yi haske. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Watanni kaɗan fatar za ta yi siriri, jijiyoyi su fito fili, nankarwa ta tsaga cinya da hammata, ƙuraje su feso, ranar da aka daina kuma fuska ta ɗauki zafi da raɗaɗi, sai a koma wa man. Wanda ya daɗe yana shafe jiki duka da shi, maganin yana ratsawa cikin jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Idan kuma asalin ciwon ƙwayar fangas ce, kamar makero, sitiroyid zai kashe ƙaiƙayin na ɗan lokaci, ƙwayar tana yaɗuwa a ƙarƙashi, har zoben ya ɓace, likita ma ya sha wuyar gane shi.

Haidurokwinon, wanda ke cikin mayukan bilicin da dama, an hana sa shi a kayan kwalliya a Turai tun 2001, zaiba ma an hana sa ta. Duk da haka ana shigo da su a ɓoye, jami'an ƙananan hukumomi suna ƙwacewa. Don haka kada wani ya ruɗe ku da cewa kaya daga Landan ya fito.

Abin da na ga sun ba muhimmanci a nan shi ne man jiƙa fata zalla, marar ƙamshi, marar magani. Sanyin hunturu, da na'urar ɗumama ɗaki, da ruwan famfo mai yawan alli na Landan da kewayenta, suna busar da fata har ta yi furu-furu ta tsage. Yaro mai kirci likita zai rubuta masa gwangwani mai giram 500, ya ce a shafa sau da yawa a yini, musamman da fitowa daga wanka kafin jiki ya bushe, a bi kwanciyar gashi, a yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a rage sabulu mai ƙamshi. Suna kuma gargaɗi cewa tufafi da zanen gado da suka sha irin wannan mai suna saurin kama wuta. Irinsa zan iya aikowa da zuciya ɗaya, ko da yake basilin mai kyau da ke hannunku yana yin kusan aikin.

Ganin likitan fata kuwa, a nan ba a fi ku sauƙi ba. Ba ka tashi ka tafi wurinsa kai tsaye. Sai ka fara da likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi zai tura ka idan ya ga dalili, wani lokaci hoton wurin kawai zai aika wa ƙwararre. Ƙa'idar hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ita ce a fara yi maka magani cikin mako 18, kuma mutane da yawa suna wuce haka suna jira. Sai dai in ana zargin ciwon daji ne, wato kansa, to a nan suna hanzari: a tabbatar ko a kore cikin kwana 28. Tun Janairun 2024 an kuma ba masu kemis a Ingila damar ba da maganin wasu cututtuka bakwai da kansu, ciki har da cizon ƙwaro da ya rurace. Wani abin da kuka fi mu shi ne idon likita. Littattafan likitanci na ƙasar nan cike suke da hotunan farar fata, inda kumburi ke yin ja, alhali a jikinmu yakan yi duhu ko toka-toka. Har sai da wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya fitar da littafin hotunan cututtuka a baƙar fata a 2020. Likitan gida kullum irin fatarku yake gani.

To yaushe za a ajiye mai a je asibiti? Makeron kan yaro, man shafawa ba ya kaiwa ga tushen gashi, sai maganin sha na makonni, in ba haka ba ya bar sanƙo. Ƙazuwa ana shafa maganinta jiki duka, a maimaita bayan mako ɗaya, kuma kowa a gidan sai ya shafa rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa. Ƙurajen fuska a ba maganinsu mako 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci, a daina matsa su, amma in sun fara barin rami ko baƙin tabo, a nemi likita da wuri. Tabo mai haske da aka taɓa ba a ji, kada a ɗauke shi kyasbi, yana iya zama kuturta, wadda ke warkewa sarai in an kama ta da wuri, maganinta kuma kyauta ne. Gyambon da ya kai mako 4 bai warke ba, ko tawadar Allah da ta canza girma ko launi ko take jini, a nuna. Mu baƙaƙe kansar fata ta fi fito mana a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ta yi ajalin Bob Marley a 1981, daga babban yatsan ƙafa ta fara.

Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su. Ƙuraje tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko bororo a baki da idanu bayan an fara sabon magani, ko borin jini da ya kumbura leɓe har numfashi yana sarƙewa, a nan motar asibiti ake kira a lambar 999. A wurinku, a ɗauki mutum zuwa sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, a tafi da kwalin duk maganin da ya sha ko ya shafa.