Wane rubutun burushi ya dace da allon shagonka?

In ka je gun masu buga alluna a Damagaram, za su juyo maka fuskar kwamfuta su ce ka zaɓi salon rubutu. Galibi ido kan faɗa kan mai kaurin nan da ya ɗan kishingiɗa, kamar da burushin fenti aka ja shi. Yana da fara'a, yana kiran mai wucewa. Sai dai kafin ka nuna da yatsa, ka san ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yawa shi ne Brush Script, da Robert E. Smith ya zana a Amurka a 1942. Yana zuwa tare da Microsoft Office, shi ya sa kowa ke da shi, daga mai aski har mai katin biki. Yana karantuwa, amma ba zai bambanta ka da maƙwabcinka a kasuwar Dole ba. Mistral kuwa, na Bafaranshe Roger Excoffon ne, 1953, kuma daga rubutun hannunsa ya ɗauko shi. A kan takarda gwanin kyau. A kan allo, mai kabu-kabu zai wuce bai gane sunan ba. Ƙanensa Choc, na 1955, ya fi jiki, haruffansa ba su riƙe juna ba, kuma ni shi zan ba mai kilishi ko mai gyaran babur. Lobster, na 2010, kyauta ne a shafin intanet na Google Fonts, har don kasuwanci. Ya dace da tela da mai gidan abinci.

Ga inda ake yawan faɗawa. Brush Script da Mistral na cikin Office sun san é da ç na Faransanci, amma ba su san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. In sunan shagonka na da ɗaya daga cikinsu, kwamfuta za ta aro shi daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar masu ƙiba. Ko kuma mai bugawa ya share lanƙwasar bai faɗa maka ba, “ƙofa” ta rasa ƙugiyarta. Ka sa a rubuta sunan gabanka tun ba ka ba da kafin alƙalami ba. In harafin bai fito ba, a zana masa ƙugiyar da hannu, ko ka koma gun mai fenti, wanda burushinsa bai taɓa rasa harafi ba.

Kada ka yarda a jera rubutun burushi da manyan baƙaƙe zalla, sarƙewa suke. Sunan shago kaɗai za a ba shi. Lambar waya da jerin kaya a sa su da miƙaƙƙen salo irin Noto Sans, mai ɗauke da haruffanmu duka. In da leda mai mannewa za a yanka, ka guji masu siririyar jela, don ita rana da ƙurar hunturu ke fara ɓamɓarewa. A buga maka gwaji a takarda, ka manna a bango, ka tsallaka titi ka karanta.