Sharhi kan wayar da nake amfani da ita bayan na rasa gani

Shekara huɗu ke nan da cutar hawan jinin ido ta cinye mini gani, kuma a cikin wannan lokaci na yi amfani da wayoyi biyu, ɗaya ta wahalar da ni, ɗaya kuma ta dawo mini da yawancin harkokin da na ɗauka sun kuɓuce mini.

Ta farko ƙanena ne ya sayo mini ita da kyakkyawar niyya, ya duba girman allo da kyan kyamara kamar yadda mai ido zai duba. Wayar Android ce mai araha, RAM ɗinta, wato ma'adanar da waya ke gudanar da aiki a kanta, 2GB ne. Da na kunna TalkBack, wato manhajar Google da ke karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa a allo, sai wayar ta riƙa nauyi. Nakan shafa yatsa zuwa dama, in yi jira kafin murya ta fito, in zaci ba ta ji ba in sake shafawa, sai ta tsallake abin da nake nema. Wata rana ana kira na daga asibiti kan maganina, ina jin ƙarar a hannuna, amma har kiran ya katse ban samu na ɗaga ba. Ranar na yi baƙin ciki ƙwarai.

Da zan canza, da kaina na je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano tare da 'yata. Na roƙi mai shago ya bar ni in kunna TalkBack a kowace waya kafin a yi maganar kuɗi, ya kuma yi haƙuri da ni har na gwada guda biyar. Na tsaya a kan wata Android mai matsakaicin farashi, RAM 6GB, kuma wata goma sha huɗu ke nan tana hannuna. Murya tana fita tare da motsin yatsa, babu jinkiri: shafa dama ta kai ni abu na gaba, taɓawa sau biyu ta buɗe shi. Wurin ɗora yatsa don buɗe wayar yana jikin maɓallin gefe, saboda haka ina lalubo shi ko tana cikin aljihu, saɓanin wanda ake ɓoyewa ƙarƙashin gilashi. Lasifikarta tana da ƙarfin da nake jin saƙo ko a cikin adaidaita sahu. Da yake na rage hasken allo har ƙasa, caji yakan kai ni kwana ɗaya da rabi, abin da ke da muhimmanci ga wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu.

Na kuma gwada iPhone ta wani abokina na tsawon mako guda. Manhajarta VoiceOver, wadda Apple ya saka a wayoyinsa tun 2009, ta fi santsi, kuma tsarinta iri ɗaya ne a kowace iPhone, ba kamar Android da kowane kamfani ke yi wa nasa kwaskwarima ba. Wanda yake da hali, ko ta hannu ce ya samu, ba zai yi nadama ba. Ni dai kuɗina bai kai ba.

Akwai abin da har yau yake damuna. Muryar da ke wayata da lafazin Turanci take karanta Hausa, ta ɓata ƙ da ɗ da ɓ, har sai kunne ya saba kafin mutum ya gane saƙon ɗan'uwansa. Shi ya sa na roƙi dangi su riƙa turo mini saƙon murya a WhatsApp. Wajen rubutu kuwa an samu sauƙi tun 2024, lokacin da Gboard, wato allon rubutun waya na Google, ya fara karɓar magana da Hausa yana mayar da ita rubutu. Manhajar bankina ma tana da maɓallan da ba a sa musu suna ba, murya takan ce “maɓalli” kawai ta yi shiru, dole in kira 'yata duk lokacin da zan tura kuɗi, alhali sirrin asusuna ne. Don karanta takardar magani ina amfani da Lookout, manhajar Google da ke karanta rubutu ta kyamara, idan rubutun hannu ne kuma in kira ɗan sa kai ta manhajar Be My Eyes ya duba mini ta kyamara.