Littattafan Samurai: Wanne Ya Kamata Ka Fara Saya?

Duk mai neman labarin samurai, mayaƙan Japan na zamanin da, sunaye uku zai yi ta cin karo da su: Musashi, Taiko da Shogun. Kowanne da kaurinsa, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba, don haka gara ka san abin da za ka ɗauka.

Ni dai da Musashi nake cewa a fara. Eiji Yoshikawa ne ya rubuta shi, jaridar Asahi ta riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1935 zuwa 1939, fassarar Turanci kuma ta fito a 1981, shafi kusan dubu. Labarin ya buɗe da wani saurayi, Takezo, kwance cikin gawarwaki bayan yaƙin Sekigahara na 1600, ɓangarensu ya sha kashi. Yaro ne mai zafin kai, sai da wani malamin addinin Buda, Takuan, ya ɗaure shi ya rataye a bishiya kafin ya fara shiga taitayinsa. Takezo ɗin nan ne ya zama Miyamoto Musashi, shahararren gwanin takobi. A hankali za ka ga yadda ƙarfi ke komawa ladabi, har ranar karonsa da Sasaki Kojiro a tsibirin Ganryu, inda ya iso da takobin itace da ya sassaƙa daga filafilin kwalekwale. Wannan wurin kaɗai ya biya kuɗin littafin. Amma a kula: akwai bugun da aka raba gida biyar, kada a sayar maka da kashi ɗaya ka ɗauka duka ne.

Taiko ma na Yoshikawa ne, kan Toyotomi Hideyoshi, ɗan talakan da ya fara da ɗaukar takalman Oda Nobunaga, wani babban jagoran yaƙi, ana masa laƙabi da Biri, ya ƙare yana mulkin ƙasar baki ɗaya. Siyasa da dabarun yaƙi sun fi yawa a ciki, sunaye kuma rututu, kuma fassarar Turancin taƙaitacciya ce. Ka bar shi sai karo na biyu.

Shogun na James Clavell, wanda ya fito a 1975, ya fi saurin kama mutum, ba ka son ajiyewa. An gina shi a kan William Adams, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya isa Japan a 1600. Sai dai da idon baƙo za ka kalli ƙasar, kuma an sauya sunaye, Tokugawa Ieyasu, jagoran yaƙin da ya zama mai mulkin Japan, ya koma Toranaga. Mai son tarihi ya kamata ya san da haka.

In zane ya fi maka dogon rubutu, akwai Vagabond na Takehiko Inoue, wanda ya samo asali daga Musashi, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami. Zanen gwanin kyau, amma juzu'i 37 ne, labarin bai kammala ba, kuma jinin da ke ciki bai dace da yara ba.