Kwaɗon harshen saniya a wata rumfa kusa da Ƙofar Ƙaura

Yawancin manoman Katsina suna ɗaukar harshen saniya a matsayin ciyawar da ake nomewa a watsar ko a tara wa awaki, shi ya sa na yi mamaki da na tarar da wata dattijuwa mai rumfar abinci kusa da Ƙofar Ƙaura tana kwaɗa shi tana sayarwa tare da zogale da rama da tafasa. Sau huɗu na ci a wurinta cikin daminar bana.

Harshen saniya, wanda masana tsirrai ke kira Portulaca oleracea, yana shimfiɗuwa ne a ƙasa, da kara ja-ja da ƙananan ganyaye masu kauri cike da ruwa, kuma wannan ruwan da yake adanawa ne ke sa ya jure fari, har a tuge shi a yar ya yi kwanaki bai mutu ba. A Sudan ana kiransa rijla ana yin miya da shi, a Turkiyya kuwa ana cinsa ɗanye da kindirmo.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanki. Ganyen da ke kwance a ƙasa yana riƙe yashi ƙwarai, amma ban taɓa tauna tsakuwa ko ɗaya a kwaɗonta ba, domin tana yanke saiwar ta wanke shi ruwa uku. Ba ta dafa shi ya nuna liƙis kamar zogale. Tana tsoma shi ne a tafasasshen ruwa ta tsame nan take, saboda haka karan yana nan da ɗan ƙarfinsa a baki. Sai ta zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da barkono da ɗan man gyaɗa. Ɗanɗanonsa tsami-tsami ne mai sanyi, da ɗan yauƙi wanda bai kai na lalo ba. Ranar da na ji ya fi tsami na ce, "Inna, yau lemo kika matsa?" Ta ce, "A'a ɗana, wannan tsinkar asuba ce." Gaskiyarta kuwa, domin idan tsiron ya ji ƙarancin ruwa, da dare yake tara sinadarin tsami, ya yi amfani da shi da rana.

Inda nake da ƙorafi shi ne ɗunƙulen miya. Sau biyu ya yi yawa har ya danne wannan tsamin, wanda shi ne ya kai ni rumfar. Haka kuma kwaɗon ba ya jure ajiya: idan azahar ta yi, gishiri ya riga ya janye ruwan ganyen, ƙuli-ƙulin ya jiƙe ya yi laushi.

Ganyen yana cikin waɗanda suka fi yawan man omega-3, wani nau'in mai da jiki ke buƙata, amma yana ɗauke da sinadarin oksalet mai yawa, don haka mai fama da tsakuwar ƙoda ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi abincin kullum. Kuɗinsa bai kai na kwaɗon zogale ba. Wanda zai je ya je da hantsi, ya kuma roƙi Inna ta kwaɗa masa nasa daban, ta rage ɗunƙule.