Kwas ɗin intanet kan tushen faɗa a jinin ɗan Adam: abin da ya ba ni da abin da ya hana ni

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da samari 'yan sakandare, kuma rabon faɗa ya kusa zama rabin aikina. Shi ya sa da na ci karo da wani kwas na intanet da ke bayanin zafin rai da kisan kai ta fuskar ka'idar juyin halitta, ban yi wata-wata ba na biya. Bidiyo takwas ne, kowanne wajen minti arba'in. Murya na fita tar, kuma ana iya sauke su a waya.

Darasi na uku shi ya mayar mini da kuɗina. Malamin ya kawo rabe-raben Richard Wrangham, masanin halayyar birai da ɗan Adam: akwai faɗan fushi, mai tashi nan take in an taɓa mutum, akwai kuma faɗan shiri, wanda ake ƙullawa da sanyin zuciya. A na farko mun fi birin cimpanzi haƙuri nesa ba kusa ba, a na biyun kuwa mu ma, kamar cimpanzin, muna kan gaba. Ya haɗa da labarin Gombe a Tanzaniya, inda tawagar Jane Goodall, mai binciken birai, ta ga mazan wani garke na cimpanzi suna farautar mazan garken da ya ɓalle daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, daga 1974 zuwa 1978, har suka ƙare su. Tun daga ranar na daina yi wa yaron da ya kai naushi cikin fushi hukunci ɗaya da wanda ya tara abokai suka tare wani bayan an tashi. Ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Bayaninsa kan dalilin da ya sa kusan kashi 90 cikin ɗari na masu kisan kai a duniya maza ne, musamman matasa masu takarar girma da mata, shi ma ya zauna mini.

Amma daga darasi na shida raina ya soma ɓaci. Ya kawo binciken da masanin al'adun ɗan Adam Napoleon Chagnon ya fitar a 1988 kan ƙabilar Yanomami ta nahiyar Kudancin Amurka, cewa mazan da suka taɓa kisa sun fi yawan mata da 'ya'ya, kamar magana ce da aka gama. Bai faɗa mana Brian Ferguson da wasu masana irinsa sun soki lissafin ba, har da batun cewa bambancin shekarun mazan ya kumbura tazarar. Birin bonobo kuwa, wanda kusancinsa da mu daidai yake da na cimpanzi, kuma matansa ke haɗa kai su taka wa maza birki, minti biyar kacal ya samu. Wannan ɓoye rabin shaida ne, kuma ɗalibin da ya biya kuɗi bai cancanci haka ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan: a Yammacin Turai yawan kisan kai ya faɗi ninki-ba-ninki daga ƙarni na 14 zuwa na 20. 'Yan ƙarnuka ba su isa su sake halittar jama'a haka ba. Kotuna, hukuma da tarbiyya ne suka sake. To ina ka'idar ta ajiye wannan? Ni da nake tsaye gaban yara talatin kullum, nan ne nake neman amsa, domin nan ne hannuna zai iya kaiwa.

Na rubuta wa malamin wannan tambayar ta hanyar da suka ce ana amsawa cikin kwana biyu. Yau mako uku ke nan ina duba saƙo.