Kwalbar ƙara oktan: me take yi wa mota mai ƙarfi a zafin Damagaram?

A gidajen mai na Damagaram babu zaɓi. Famfo ɗaya isansi ne, ɗayan gazuwal, shi ke nan. Man yana fitowa daga matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011 tana tace ɗanyen man Agadem, kuma ma'aunin da ake bi a yankin Afirka ta Yamma yana wajen oktan 91 ne, oktan kuwa lamba ce ta juriyar mai ga matsi da zafi a cikin inji. Wannan ya wadatar da Corolla da Hilux da kabu-kabu. Matsalar tana wajen mai Golf GTI, ko BMW mai turbo, ko Mercedes AMG, wanda in ya buɗe murfin tanki zai ga an rubuta 95 ko 98. Irin waɗannan ne ake tallata wa ƙananan kwalaben ƙara oktan a shagunan kayan mota, ana cewa "zuba ɗaya, man ya zama na jirgi".

Kafin a taɓa kwalba, a fara karanta murfin tanki da kyau, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Motar da ta fito daga Turai lambarta ta RON ce, wato ma'aunin oktan irin namu, Jamusawa kuma suna rubuta ROZ. Motar Amurka tana amfani da wani lissafi dabam, wanda lambarsa ke ƙasa da RON da kamar huɗu zuwa biyar. Wato 87 na Amurka daidai yake da 91 ko 92 namu, 91 nasu shi ne 95, 93 nasu kuma wajen 98. Saboda haka wanda ya sayo motar Amurka ya ga 91 a murfi, ya ce ai man gari ya yi daidai, ya yi kuskure: motarsa 95 take nema. A duba littafin motar ma, a ga ko kamfani shawara ya bayar ko dole ya ce. Wasu murafan lamba biyu suke ɗauke da su, babba da ƙarama, ƙaramar ita ce iyakar da injin zai jure.

Oktan ba ƙarfi ba ne, juriya ce. Lamba ce da ke nuna yadda mai ke haƙuri da matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba kafin wutar buji ta iso shi. Injin da ke matse iska sosai, ko wanda turbo ke tura masa iska, yana buƙatar mai mai haƙuri. In bai samu ba sai ragowar man da ke gefen silinda ya fashe a lokacin da bai dace ba, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka wuta a hawa. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara a jikin injin, kwamfutar motar kuma ta jinkirta wutar buji nan take. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙin da ke bi ta turbo ya ƙara zafi. In abin ya wuce abin da kwamfuta za ta iya gyarawa, gefen fistan ne ke tsagewa, ko kan buji ya narke. Wanda kuma motarsa 91 take so, ko ya samu 98 ya zuba, kuɗinsa kawai ya ƙone.

To, kwalaben. Iri biyu ne a kasuwa, kuma ba a gane su da kyawun kwali, sai an juya baya an karanta abin da ke ciki.

Iri na farko ruwan sinadari ne zalla, dangin toluwin da barasar inji. Toluwin abu ne mai kyau, oktan ɗinsa ya kai wajen 120. Amma a yi lissafi. Kwalba mai mililita 300 a tanki mai lita 60 rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari. Tazarar 120 da 91 ita ce 29, rabin kashi ɗaya na 29 kuwa bai kai 0.2 ba. Man 91 ya zama 91.1 da ɗan ɗoriya. Kafin a ɗaga shi zuwa kusan 94 sai an zuba toluwin lita 6 a kan isansi lita 54. Ga kuma wata dabara ta masu kwali: in sun rubuta cewa kwalbar tana ƙara maki 7, galibi maki ɗaya a wurinsu kashi ɗaya ne cikin goma na lambar oktan, wato 0.7 suke nufi. Wannan iri bai cancanci ko dala ba in oktan ake nema. Wasunsu suna wanke bakin allurar mai, wannan amfani ne dabam.

Iri na biyu shi ne mai sinadarin ƙarfe, ko manganis da ake rubutawa MMT, ko ferosin mai baƙin ƙarfe. Wannan kam yana aiki, don ba yawansa ke aiki ba, katse fashewar yake yi. Ana iya samun ƙarin lamba ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku, kuma mai kunne zai ji ƙarar ta ragu. Sai dai ƙarfen ba ya ƙonewa. Toka yake bari. Kwance buji ɗaya bayan tanki huɗu ko biyar, za ka ga farin tangaran ɗin ya koma ja kamar bulon da aka gasa. Wannan tokar ce ke manne wa na'urar auna iskar hayaƙi, ta toshe ramukan katalizo, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, daga nan fitilar inji ta kunna, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0420 ko P0300. Ninka awo ba ya ninka amfani: kwalba ta biyu a tanki ɗaya ƙarin oktan kaɗan take bayarwa, toka kuwa ninki biyu. A ganina wannan iri na ranar larura ne, kamar tafiyar Maraɗi ko Gure da rana tsaka a watan Afrilu da kaya cike da but. A zuba kwalbar tukuna, sannan a cika tanki a kai don ta gauraya, a bi awon da ke jiki.

Kafur da tinar fenti da wasu ke jefawa a tanki, a bar su. Suna cin roba, suna toshe matatar mai.

Abin da ya fi kwalba tasiri a garin nan zafi ne. In ana 42 a inuwa, iskar da ke shiga injin mai turbo a cunkoson kasuwar Dole tana iya haura 60, kuma iska mai zafi tana sa inji ya nemi oktan fiye da wanda zai nema a sanyi. Lagireton iskar turbo da ke bayan bamba ya kan cushe da ƙurar hunturu da ƙwari, a wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, kada a lanƙwasa fikafikansa. A duba fanka tana tashi a matakinta na biyu. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba. Buji ya zama lambar da kamfani ya ce, don wanda ya fi zafi da mataki ɗaya kaɗai yana iya jawo ƙara. Injin turbo mai fesa mai kai tsaye cikin silinda a ba shi baƙin mai mai tambarin API SP, an yi shi ne don rage fashewar da ke aukuwa a ƙaramin gudun inji. Sannan ƙafa: kada a danne totur har ƙasa inji yana ƙasa da juyi 2000 a babbar giya. A sauko giya ɗaya tukuna.

Ruwa-ruwa na bakin hanya ba abincin irin waɗannan motoci ba ne. Ba a san kwana nawa ya yi a kwalba cikin rana ba, sassansa masu sauƙi sun riga sun tashi, in kuma an sirka shi da kananzir to an gama, don oktan ɗin kananzir yana can ƙasa ƙwarai, babu maganin da zai ɗago shi.

Mai son ya tabbatar da idonsa ya sayi ƙaramar na'urar ELM327, ya soka ta a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa da waya. A hanya mai tsawo da babu jama'a, wani na riƙe da wayar, a sa giya ta uku a ja daga juyi 2000 zuwa 4500, a rubuta lokacin wutar buji da zafin iskar shiga. A maimaita bayan an zuba kwalba, a wuri ɗaya, a daidai lokacin da aka yi na farko. In kwamfuta ta daina jinkirta wuta, ko jinkirin ya ragu da digiri biyu zuwa uku, kwalbar ta yi aiki. In lambobin ba su motsa ba, kada a sake sayenta.

Motar da murfinta ya ce 95, da sanyaya mai kyau da ƙafa mai hankali za ta rayu a Damagaram. Wadda ta ce 98 dole, ko wadda aka taɓa wa kwamfuta a Turai don ƙarin gudu, kwalba ba za ta cike tazarar lamba bakwai ba. Maganinta shi ne mai ilimin kwamfutar mota ya mayar da ita saitin kamfani, ko ya rage matsin turbo ya dace da man da ake da shi.