Manhajar da ta ce mini mara ita ce cika

Na biya kuɗin wata uku na wata manhajar waya wadda masu ita ke ikirarin tana tantance kowace lamba komai girmanta, ta faɗi ko cika ce, mai rabuwa biyu daidai, ko kuwa mara, ta jero lambobin da ke raba ta, sannan ta nuna ko firam ce, wato wadda ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Ni malamin lissafi ne a sakandare, kuma a makon farko ta burge ni ƙwarai, domin da na ba ta 4294967297, lambar da masanin lissafi Fermat ya zaci firam ce har sai da wani masanin mai suna Euler ya gano a 1732 cewa 641 na raba ta, nan take ta fito mini da 641 sau 6700417.

Wannan ne ya sa na saki jiki na kai ta gaban ɗalibai. Niyyata in ba su labarin Frank Cole, wanda a 1903 ya tashi a taron masana lissafi a Amurka, bai ce uffan ba, ya nuna a kan allo cewa idan aka ninka biyu guda 67 da juna aka cire ɗaya, wato 147573952589676412927, daidai yake da 193707721 sau 761838257287, alhali wani masani mai suna Mersenne ya lissafa lambar cikin firam tun 1644. Na shigar da lambar a tsanake, sai manhajar ta ce cika ce. Wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai da bakwai ta ƙare." Aji ya kaure da dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini.

Sai da na koma gida na lura cewa manhajar ta mayar da 927 ɗin ƙarshe 928. Dalili shi ne salon da take adana lambobi ba ya riƙe su daidai idan sun haura 9007199254740992, sai ya riƙa kintace. Iyakar ba ta dame ni ba, domin kowace na'ura tana da tata. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba ta yi gargaɗi ba, ta ba da amsar ƙarya da cikakkiyar gadara.

In za a yi adalci, ɗan sakandare da lambobinsa ba su wuce miliyoyi ba zai amfana da ita, har na fara tunanin ci gaba da biya. Amma da na rubuta musu ƙorafi, sai bayan kwana tara suka amsa cewa in sabunta manhajar. Na sabunta, na sake shigar da lambar Cole, har yau cika take ce mata, kuma yaran nan sun riga sun laƙaba mini Malam Cika.